Majanyin Turai

Duk wanda ya san garin Ƙofa ya san gidan Mudi kafinta, don shi kaɗai ne gidan da za ka shiga tsakar gida ka ɗaga kai ba ka ga sama ba. Kwano za ka gani, tun daga bakin zaure har madafa. Mudi ya taɓa yi wa wani Alhaji aikin rufi a birni, ya ga yadda masu hali suke rufe tsakar gida ruf, abin ya shiga ransa ya zauna. Da aka sa ranar aurensa da Turai sai ya hau sama da guduma, ya yi ta bugu har maƙwabta suka gaji da tambaya.

"Matata ba za ta sha rana ba," in ji shi. "Wadda ta sha a gidansu ta ishe ta."

Ta sha ɗin kuwa. Turai 'yar wata ruga ce can bayan Doguwa, da ƙwaryar nono a ka ta girma, daga ruga zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa rafi. A kasuwar ma Mudi ya gan ta, yana saman wani shago yana rufi, ita tana ƙasa tana dama wa mutane fura, gumi yana bin wuyanta. Tausayi ya fara kama shi kafin so, kuma har aka ɗaura aure tausayin bai sake shi ba.

Aka kawo amarya gidan inuwa. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, suna cewa kai, wannan 'yar Fulani ta yi goshi, ko shanyar kaya sai an kai mata waje. Turai ta shiga kulle kamar kowace matar gari. In unguwa ta kama, sai bayan magariba, cikin hijabi har ƙasa, har da safa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Wa zai yi ƙorafi don an hutar da shi? Sai dai akwai wata 'yar ƙofar ƙusa a kwanon, inda haske yake saukowa ya faɗi a daɓe kamar bakin ludayi, da ita take gane azahar ta yi. Wani lokaci takan miƙa tafin hannu ta tare hasken, ta tsaya hakanan ba dalili. Da damina ta faɗi, wurin ya fara ɗiga, Mudi ya hau ya liƙe shi da kwalta. Shi fa ba ya wasa da aikinsa.

A shekara ta biyu ta haihu, namiji, aka sa masa Ukasha. Da a gida za ta yi wanka kamar yadda ake yi a haihuwar fari, to amma mutanensu sun tashi da shanu sun yi kudu, sai uwar Mudi, Inna Asabe, ta ɗauki jegon a wuyanta. Abin da ya iso daga wurin uwar Turai guda ɗaya ne, majanyi saƙi mai ratsin baƙi da fari, wani mai babur ya kawo a leda. Turai ta sa shi a hanci ta ji ƙanshin hayaƙin ruga. Ta ninke ta sa a ƙasan akwati, tana jiran ranar da wuyan yaro zai yi ƙwari ta goya shi.

Wannan goyon shi ne duk burinta, kuma ba ta da bakin faɗa. Ɗan fari ne, ita kuwa Bafulatana. Ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "yaron nan". In Inna tana wuri, ko kallonsa ba ta yi sosai, nono ma sai ta juya baya. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta, haka kowace mai kunya take yi. Amma a ranta ta riga ta goya shi sau ba adadi, ta ji ɗumin cikinsa a gadon bayanta, ta ji kansa yana lilo in barci ya ɗauke shi.

Ba a yi arba'in ba yatsunta suka fara. Da safe sai ta tashi ta same su a sanƙare, gaɓoɓin sun kumbura, ludayin koko ma sai ta haɗa hannu biyu. Sai hantsi ya ɗaga sannan su ɗan saki. Ga wata gajiya da barci ba ya maganinta, ga zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga gashi yana bin mataji.

"Sanyi ne," in ji Inna Asabe, ko tantama ba ta yi. "'Yan matan yanzu ba ku jure ruwan zafi. Wankan ne bai ratsa ki ba."

Aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Aka ƙara kunun kanwa. Inna ta sa Mudi ya toshe duk wata kafa da iska take shigowa tsakanin katanga da kwano, aka rataya buhu a ƙofar ɗaki, aka ajiye kaskon garwashi a gindin gado. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Aka sha jiƙe-jiƙe har Turai ta daina tambayar sunan saiwar. Ba mugunta a ciki ko ƙwaya, kowa iyakar saninsa yake yi, yatsu kuwa kullum ƙara kumbura suke.

Ranar da ta ga wuyan yaro ya tsaya, ta faki idon Inna ta ciro majanyin. Ta sunkuya a bakin gado, ta turo yaron bayanta da gwiwar hannu, ta ja zani ta rufe shi. Wayyo, ɗumin nan, daidai yadda ta zata! Ta kawo bakin majanyi biyu gaban ƙirji za ta ƙulla. Ina! Yatsu suka ce ba su san zancen ba. Ta cije leɓe ta sake, zafi ya harba har kafaɗa, bakin majanyin ya suɓuce, yaro ya sulale. Allah ya taimaka a kan katifa ya faɗa. Ya tsala ihu, sai ga Inna a guje.

"Innalillahi! Kashe min miji za ki yi?" Ta sure jikanta, ta cilla shi baya, ta ɗaure da nata zanin kafin ka ce me. "Ke da ɗan fari ma ina ruwanki? Bar min abina, ki ji da jikinki."

Turai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna."

Me za ta ce? Ta ce a ba ni ɗana ina sonsa? A bakin wa aka taɓa jin haka? Ta ninke majanyin da bayan hannu, ta mayar akwati. Daga ranar bayan Inna ya zama gidan Ukasha. A can yake barci, a can yake kuka a lallashe shi, a can yake zuwa maƙwabta da gidan suna. Nono kaɗai yake kawo shi wurin Turai, yana ƙoshi a ɗauke.

Sai da ta kai ba ta iya ɗaura zaninta da kanta sannan Mudi ya ce a'a, wannan ya wuce sanyi. Suka hau ƙaramar bas zuwa Bebeji, daga can aka tura su wani babban asibiti a birni. Aka ɗebi jini kwalba-kwalba. Da sakamakon farko ya fito, likitar, wata mace mai tabarau, ta duba takardar ta dubi Turai.

"Baiwar Allah, kina fita rana kuwa?"

Turai ta dubi mijinta. Mudi ya gyara zama, har da ɗan murmushi.

"Ai likita, ba ta shan rana ko kaɗan. Tsakar gidan ma a rufe yake, ni na rufe shi da hannuna."

Likita ta ajiye biro. Ta yi musu bayani a hankali, ta ce akwai wani sinadari da ake kira bitamin D, fatar mutum ce take haɗa shi idan rana ta taɓa ta, na Turai kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. Ta ce ana yawan samun ƙarancinsa ga masu wani irin ciwo, wanda garkuwar jiki take rikicewa ta koma tana yaƙar jikin da aka sa ta gadi. Irin wannan ciwon take zargi, amma ba za ta yanke ba sai ɗaya gwajin ya dawo.

Murmushin Mudi ya tafi. "Likita, wato rufin nan ne ya jawo mata?"

"Ban ce ba, Malam. Masana ma har yanzu ba su gama rabe wanne ne yake jawo wanne ba. Wata tana yini a gona ta kamu, wata tana kulle ba ta kamu ba. Ga ƙwayoyin bitamin ta fara sha, ga na rage zafi. In sakamako ya fito ku dawo."

Likita ba ta ce a cire kwano ba, ba ta ce a shanya kowa a rana ba. Amma Mudi abu ɗaya kunnensa ya ɗauka, rana ce babu. Suka hau mota suka dawo Ƙofa. Suna sauka ko ruwa bai sha ba, ya ɗauki tsani da abin zare ƙusa ya hau sama.

Kai, ranar an yi kallo! Mutumin da ya cika gari da zancen rufinsa, ga shi yana ɓamɓarar kwano yana wurgowa waje kamar wanda aka yi wa asiri. Inna Asabe ta fito da Ukasha a baya tana salati.

"Mudi, lafiyarka ƙalau? Yarinya tana fama da sanyi za ka buɗe mata gida?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ni na cuce ta."

"Cuta kuma? Inuwar ce cuta? Yau na ji ikon Allah!"

Bai tsaya ba sai da falle na ƙarshe ya sauka. Bazara ce, rana ta zubo tsakar gidan gaba ɗaya, har sai da kaji suka rasa inda za su ɓuya. Turai tana tsaye a ƙofar ɗaki ta ɗaga kai ta ga sama, shuɗiya, da shirwa guda tana shawagi. Hawaye ya zo mata, ta ce hasken ne ya shiga idonta.

Washegari Mudi ya shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar fili. "Zauna, 'yar Fulani, ki rama bashin da na ci miki." Ta zauna, ta zame ɗankwali, ta miƙe ƙafa, ta baje yatsu a kan gwiwa. Tun tana amarya rabonta da jin daɗi irin wannan. Inna tana wucewa tana tsaki, wai an shanya mata suruka kamar barkono. Turai ta yi dariya. Kullum sai ta zauna tun hantsi har rana ta take, zafin yana ratsa ta, tana ce wa yatsun a ranta, ku sha, ku sha ku saki, yaron nan yana girma.

Ba a rufa mako biyu ba fuskarta ta tashi. Wani ja-ja mai duhu ya bi kumatunta ya haye karan hanci, bakinta ya fashe da gyambo, zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Gaɓoɓin da suke sakinta da hantsi suka daina saki sam, har gwiwoyi suka shiga. Ranar komawa asibiti, ɗaukarta Mudi ya yi ya sa a mota.

Likita tana ganin fuskar ta ce, "Me ya faru? Rana ta shiga?"

Mudi ya ba ta labari, yana yi yana kallon ƙasa. Likita ta ce sakamako ya fito, abin da take zargi ne. Sunan ciwon lufus. Ba a warkewa daga shi, sai dai a lallaɓa shi da magani, wani lokaci ya kwanta, wani lokaci ya tashi. Kuma cikin abubuwan da suke tayar da shi har da rana.

"Rana?" in ji Mudi. "Ba ita ce babu ba?"

"Ita ce babu. Amma yanzu jikinta ba zai ɗauke ta ba. Bitamin ɗin daga ƙwaya za ta riƙa samu. Rana kuwa ta kiyaye ta, musamman in ta take."

Mudi ya cire hula ya riƙe a hannu. Ƙaton mutum, mai hawa saman bene ba tsoro, muryarsa ta koma ta yaro.

"To likita, don Allah ki gaya min. Na rufe, an ce babu rana. Na buɗe, an ce rana ce. In mayar da kwanon ne ko in bar shi?"

"Kuna da ƙaramin yaro, ko? Shi yana bukatar rana, ƙashinsa yanzu yake ginuwa. Ita kuma inuwa."

Sai da suka miƙe Turai ta yi ƙarfin hali, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita, hannun fa? Zan iya ƙulla abu?"

"A hankali, in kin dage da magani. Me kike son ƙullawa?"

Mudi yana tsaye a wurin. Turai ta ce, "Zani ne kawai."

Haka gidan ya rabu biyu. Mudi ya mayar da falle kaɗan a ƙofar ɗakinta, ya yi mata 'yar rumfa, sauran fili ya bar wa rana. Inuwar rumfar tana da iyaka a daɓe, Turai ta san iyakar nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Da safe tana da faɗi, in rana ta take sai ta tsuke ta dawo bakin ƙofa. Daga nan take zama tana kallon Ukasha. A can cikin rana ya koyi zama, a can ya yi rarrafe yana bin 'yan tsaki, a can ya kama turmi ya miƙe. Duk faɗuwar da zai yi, Inna ce kusa. Da magunguna suka yi yawa, jikinta kuma ya ƙi, aka yaye shi da wuri, ɗan zuwan da yake yi wurinta saboda nono shi ma ya yanke.

Mudi ya rage surutu. Yakan dawo daga aiki ya tsaya a zaure yana kallon fallayen da ya jingine, ya rasa abin da zai yi da su. Wata rana ya ce mata, "Turai, ki yafe min." Ta ce, "Malam, me ka yi? Likita ma ta ce ba a sani ba." Wannan rashin sanin ya fi komai cin su. Da an ce laifin wane ne, da ko kuka an yi a huta.

Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka. Maganin ya fara kama jiki. Fuskar ta washe, ta bar tabo kaɗan. Yatsu ba su koma daidai ba, amma suna lanƙwasuwa. Turai ta fara gwaji a ɓoye, in Inna ta fita, ta ɗora matashi a baya ta ja majanyi. Ranar farko ta kasa. Ta yi ta yi, kwana da kwanaki, tana haɗawa da haƙori, har ranar da ƙullin ya zauna daram, ta yi tsalle kaɗan matashin bai motsa ba. Ta zauna a bakin gado tana dariya ita kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Washegari da rana ta ɗaga, Inna tana can ƙarshen fili tana sheƙar dawa, Ukasha ya biyo wata kaza har cikin rumfa. Turai ta riga ta ciro majanyi. Ta durƙusa ta ba shi baya, kamar yadda ta ga Inna tana yi.

"Zo, kai yaro. Hau."

Ya tsaya yana kallon bayan, yatsa a baki. Bai san shi ba. Ta jawo shi a hankali ta ɗora, ta rufa zani, ta kawo majanyi ta ƙulla da duk ƙarfin da Allah ya bar mata. Ya ƙullu! Ta miƙe tsaye da ɗanta a baya. Ya yi nauyi, ƙafafunsa har cinyarta, ba jaririn da ta ajiye a ranta ba ne. Amma ɗumin yana nan.

Ko numfashi uku ba ta yi ba ya sandare. Ya turje, ya dafa kafaɗunta yana tura ta, ya fasa kuka yana kiran Inna. Ta jijjiga shi, ta yi masa 'yar waƙar da uwarta take yi mata da Fulatanci, ya ƙara ƙarfin kukan. Yaro mai ƙafa ba a riƙe shi dole. Ya zame ta ƙasan zanin, ya dira, ya ruga cikin rana yana tangaɗi.

Ta bi shi taku biyu, ta kai bakin inuwa ta tsaya. Rana ta take, filin fari fat. Ta san abin da zai biyo baya in ta shiga, ta san kwanakin da za ta yi a kwance, da yatsun da za su sake rufewa. Yana ta nisa. Sai kawai ta ji bakinta ya buɗe.

"Ukasha!"

Faifan ya tsaya a hannun Inna Asabe. Tunda aka haifi yaron ba a taɓa jin sunan nan a bakin uwarsa ba. Tsohuwar ta dubi surukarta, ta dubi majanyin da yake ɗaure a ƙirjinta, sai yanzu ta gane abin da aka yi shekara ana ɓoye mata.

Yaron ya waiwaya, ya dubi mai kiran kamar baƙuwa, ya juya ya rungume ƙafar kakarsa.

"Je ka," in ji Inna. "Je ka wurin uwarka, maigida. Ga ta can tana kiranka."

Ta ɓamɓare hannunsa ta tura shi. Ya dawo. Ta ɗauke shi ta kawo shi har cikin rumfar da kanta, ta ce, "Juyo, 'yar nan, in ɗora miki." Yana jin an nufi bayan Turai da shi ya ƙanƙame wuyan Inna yana shure-shure, kuka har yana shiɗewa. Suka yi ta fama, su biyu, ba wadda ta iya kallon idon 'yar'uwarta. Daga ƙarshe Turai ce ta ce, "Bar shi, Inna. Goya shi kada ya shaƙe."

Inna ta goya shi. Nan take ya yi shiru, ya kwantar da kai, yana ajiyar zuciya.

Turai ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta kai hannu za ta kwance majanyin. Ƙullin ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai, yatsun da suka ƙulla shi suka kasa kwance shi. Ta ja, ta sa haƙori, ya ƙi. Kunya ta hana ta kiran Inna. Haka ta yini da shi a ɗaure, ba kowa a bayanta, har Mudi ya dawo da la'asar ya kwance mata.